Yadda Birnin Washington Ke Magana da Al'ummarsa ta Latino: Tambayoyi da Amsoshi

A Washington, fadar gwamnatin Amurka, akwai ma'aikatan gwamnatin birni da aikinsu shi ne su tabbatar saƙon hukuma ya isa ga mazauna 'yan asalin Latin Amurka, kuma koken waɗannan mutane ya isa kunnen hukuma. Ga tambayoyin da mai son fahimtar wannan aiki ya fi yi, tare da amsoshinsu.

Su wane ne 'yan Latino, kuma yaya yawansu yake a birnin?

Mutane ne da asalinsu ya fito daga ƙasashen Latin Amurka: Meziko, ƙasashen Amurka ta Tsakiya, tsibirai irin su Kuba da Puerto Rico da Jamhuriyar Dominika, da kuma Amurka ta Kudu. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62 a faɗin Amurka, kusan kashi 19 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. A cikin birnin Washington, mai mutum kusan dubu 690, sun kai kashi 11 cikin ɗari da 'yan kai.

A Los Angeles 'yan asalin Meziko ne suka fi yawa, a Miami kuma 'yan Kuba. Washington tata daban ce, domin 'yan El Salvador ne ke kan gaba. Yaƙin basasar ƙasarsu, wanda bai ƙare ba sai a 1992, shi ya koro dubbansu a shekarun 1980, da yawa daga ƙauyukan gabashin ƙasar. Akwai wani ƙaramin gari can mai suna Intipucá da ya yi suna saboda yawan 'ya'yansa da suka tare a Washington. Unguwannin Mount Pleasant da Columbia Heights da Adams Morgan su ne masaukinsu na farko. Tsadar haya ta tura da yawa zuwa bayan gari, irin su Langley Park da Wheaton a jihar Maryland, amma kullum da asuba suna shigowa birnin aikin gini, girki a gidajen abinci, sharar ofisoshi da renon yara.

Wace gwamnati ake nufi? Fadar White House?

A'a. Gwamnatin birnin ake nufi, mai magajin gari da majalisarta, wadda mazauna suka samu damar zaɓa ta dokar cin gashin kai ta 1973. Ita ke kula da makarantu, 'yan sandan birni, kwashe shara, lasisin tuƙi da dokokin haya. Shige da fice kuwa na gwamnatin tarayya ne. Sai dai Washington ba jiha ba ce, kuma majalisar dokokin tarayya na da ikon soke dokokinta. A riƙe wannan, domin shi ne tushen wahalar aikin.

Wane ofishi ne ke riƙe da wannan aiki?

Ofishin Magajin Gari Mai Kula da Harkokin Latino, wanda majalisar birnin ta kafa da doka a 1976. Yana ba ƙungiyoyin al'umma tallafin kuɗi, yana fita wayar da kai a unguwanni, yana taimaka wa sauran ma'aikatu su gyara yadda suke hulɗa da masu jin Sifaniyanci, yana kuma ba magajin gari shawara. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ma'aikatar lafiya, hukumar makarantu, hukumar zaɓe da ofishin kare 'yan haya duk suna da nasu jami'an yaɗa labarai, kuma rundunar 'yan sandan birnin na da sashe na musamman na hulɗa da al'ummar Latino.

Idan ofishin na nan tun 1976, me ya sa ake yawan ambaton shekarar 1991?

Saboda a shekarar ce birnin ya ga abin da rashin magana da mutane ke haifarwa.

Da yammacin Lahadi, 5 ga Mayu 1991, wata sabuwar 'yar sanda ta yi ƙoƙarin kama wani ɗan El Salvador a unguwar Mount Pleasant, rigima ta kaure, ta harbe shi a ƙirji. 'Yan sanda sun ce ya zaro mata wuƙa. Wasu da ke wurin sun ce da ankwa a hannunsa aka harbe shi. Mutumin bai mutu ba, amma kafin dare ya raba labari ya zagaye unguwa cewa an kashe shi. Babu wata murya daga hukuma da ta fito da wuri, cikin harshen da mutane ke ji, ta ce ga abin da ya faru, ga asibitin da yake, ga binciken da za a yi. 'Yan sandan da ke jin Sifaniyanci a lokacin ƙalilan ne. Matasa suka fito, aka ƙona motocin 'yan sanda, aka fasa shaguna, aka harba barkonon tsohuwa. Sai da magajiyar gari Sharon Pratt Dixon ta kafa dokar hana fita a unguwannin kafin ƙura ta lafa, kuma an kama mutum fiye da 200.

Ba harbin kaɗai ya fusata mutane ba. Shekaru aka yi ana tara ɓacin rai: mutum ya je ofis a sallame shi don ba a jin abin da yake faɗa, mai gida ya ƙi gyara ɗaki ba inda za a kai ƙara, ɗan sanda ya tsare ka kana bayani yana tsawa. Hukumar kare haƙƙin jama'a ta tarayya ta zauna ta saurari shaidu, ta fitar da rahoto a 1993 da ya tabbatar cewa ana tauye 'yan Latino a hidimomin birnin da wajen hulɗa da 'yan sanda. Yawancin abin da ake gani yau, daga ɗaukar ma'aikata masu harshe biyu zuwa dokar da za a yi bayaninta a ƙasa, daga wancan rikici ya samo ƙarfinsa. Ni a ganina duk wanda zai kama wannan aiki ya kamata ya fara da karanta tarihin waɗannan darare, domin ya san cewa jinkirin sanarwa na sa'o'i kaɗan na iya cin unguwa.

Yi wa mutum bayani da harshensa alfarma ce ko haƙƙi?

A Washington haƙƙi ne. A watan Afrilun 2004 magajin gari Anthony Williams ya sa hannu a dokar samun hidima cikin harshen da mutum ke ji. Ta wajabta wa ma'aikatun birnin su samar da tafinta kyauta ga duk wanda Turancinsa bai kai ba, ko ido da ido ko ta waya. Ta kuma wajabta fassara muhimman takardu, irin su fom na neman tallafi, takardar sanar da yanke tallafi da bayanin yadda ake ɗaukaka ƙara, zuwa duk harshen da masu jinsa suka kai kashi 3 cikin ɗari na mutanen da ma'aikatar ke yi wa hidima, ko mutum 500, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Harsuna shida ne suka fi fitowa: Sifaniyanci, Amharik na Habasha, Sinanci, Faransanci, Koriyanci da harshen Biyetnam. Ma'aikatun da ke hulɗa da jama'a sosai dole su naɗa jami'in da ke kula da wannan, su kuma rubuta tsarin aiki duk bayan shekara biyu.

Akwai wani ɗan kati da ake rabawa, girmansa bai wuce katin banki ba. A jikinsa an rubuta da Turanci da kuma harshen mai shi cewa yana jin harshe kaza, yana buƙatar tafinta, kuma doka ta ba shi wannan. Dattijuwa ta iso gaban kanta a ofishin lasisi, ba sai ta yi ta in-ina ba, ba sai ta ciro jikarta daga makaranta ta zo ta yi mata tafinta ba. Ta miƙa kati, ma'aikaci ya ɗaga waya ya kira layin tafinta.

Wanda aka hana shi wannan haƙƙi yana kai ƙara Ofishin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na birnin. Raunin dokar shi ne hukuncinta yawanci umarnin gyara ne, kuma masu fafutuka sun daɗe suna kukan cewa wasu ma'aikatu na bin ta a takarda kawai.

Me jami'in yaɗa labarai ke yi a ranar aikinsa?

Da safe yana duba abin da jaridu da gidajen rediyon Sifaniyanci suka faɗa, da abin da ke yawo a Facebook da WhatsApp. Yana rubuta sanarwa, yana shirya wa shugaban ofis abin da zai faɗa a talabijin, yana amsa kiran 'yan jarida, yana duba aikin masu fassara kafin a buga. Da yamma ko ƙarshen mako yana iya kasancewa a zauren coci ko harabar makaranta da tebur da takardu, domin mutanen da yake nema ba su da sukunin zuwa taro da ƙarfe goma na safe. Idan dusar ƙanƙara ta sa an rufe makarantu, ko aka ce a tafasa ruwan famfo kafin a sha, babu lokacin tashi daga aiki.

Rabin aikin da ba a gani shi ne komawa da labari. Idan mata uku a taro ɗaya suka ce layin waya na 311, wanda ake kira don neman hidimar birni, ya ajiye su minti da yawa ba tafinta, aikinsa ne ya kai wannan ga wanda zai iya gyarawa, ya kuma bibiya.

Ashe ba fassara ce kawai ba? Me ya sa ba za a bar wa kwamfuta ba?

A farkon 2021, a maƙwabciyar jiha Virginia, shafin ma'aikatar lafiya ya dogara da fassarar Google wajen bayanin rigakafin korona. Turancin ya ce ba a tilasta wa kowa yin allurar ba. Abin da mai karanta Sifaniyanci ya gani shi ne allurar ba a buƙatarta. Wannan ya faru ne a daidai lokacin da cutar ke cin 'yan Latino fiye da yawancin jama'a. An gyara bayan an yi ƙorafi, amma wa ya san mutum nawa suka karanta suka wuce?

Ko da fassarar ta yi daidai, sauran aiki na nan. Takardun gwamnati da Turanci ma sukan gagari mai digiri, to idan aka juya su kalma da kalma sai a samu Sifaniyancin da lauya kaɗai zai gane. Da yawa cikin dattawan da suka zo daga karkarar El Salvador yaƙi da talauci sun katse musu karatu tun suna firamare. Irin wannan mutum ya fi amfana da saƙon murya na minti ɗaya, ko bidiyon da ma'aikaciyar jinya ke magana a ciki, fiye da takarda mai shafi huɗu. Sannan Sifaniyancin ɗan El Salvador ba shi ne na ɗan Puerto Rico ko ɗan Bolibiya ba, don haka dole a zaɓi kalmomin da kowa zai gane, a kuma yi amfani da lafazin girmamawa da ake yi wa babba. Akwai kuma 'yan Guatemala da harshensu na gida Mam ne ko K'iche', Sifaniyanci harshe na biyu ne gare su, wasu ma ba su ji sosai. 'Yan Brazil kuwa Fotugisanci suke yi.

Shi ya sa ƙwararru ke rubuta saƙon da Sifaniyanci tun daga farko, da mai karatu a zuciya, su kuma fitar da shi rana ɗaya da na Turanci. Sanarwar tallafin haya da ta fito da Turanci ran Litinin, ta Sifaniyanci kuma ta biyo ran Juma'a bayan gurabe sun cike, ba ta yi wa kowa adalci ba.

Ta wace hanya saƙo ke isa ga mutane?

Akwai tashoshin talabijin na Telemundo da Univision na yankin, akwai gidajen rediyo irin su El Zol, akwai jaridu irin su El Tiempo Latino, wadda aka kafa a 1991, da Washington Hispanic. Rediyo na da ƙarfi, domin mai fenti a saman tsani da mai wanke kwanuka a kicin duk suna iya saurare suna aiki.

Amma WhatsApp ya zama babbar kasuwar labari. Binciken cibiyar Pew ya nuna fiye da rabin manyan 'yan Latino a Amurka na amfani da shi, adadin da ya ninka na fararen fata. A nan ne 'yan coci ɗaya, iyayen yaran aji ɗaya da 'yan gari ɗaya ke da zaurukansu. Gaskiya na tafiya da sauri a ciki, ƙarya kuma ta fi ta sauri. Jami'i mai wayo yana shirya saƙonsa a hoto ɗaya mai tambarin birni, da kwanan wata da lambar waya, yadda za a iya tura shi gaba ba tare da ya lalace ba.

Sai kuma ƙafa. Takarda a bangon gidan wankin tufafi, a shagon aika kuɗi gida, a wurin sayar da pupusa, wainar masara mai cuku a ciki da 'yan El Salvador ke ji da ita. Kamar dai sankira ne a garuruwanmu, wanda ya san ba a shela a inda babu jama'a. Bikin Fiesta DC da ake yi a watan Satumba ma dama ce ta haɗuwa da dubban mutane a rana ɗaya.

Me ya sa gwamnati ke bi ta hannun ƙungiyoyi maimakon ta yi magana da kanta?

Domin ƙungiyoyin sun riga ta samun amana. CARECEN ta fara taimaka wa masu gudun yaƙi tun 1981, cibiyoyin lafiya na La Clínica del Pueblo da Mary's Center sun buɗe a 1983 da 1988, Ayuda kuma ta girme su duka a fagen taimakon shari'a. Matar da ta haihu a hannun ma'aikatan wani asibitin unguwa za ta yarda da abin da suka gaya mata kafin ta yarda da takarda mai hatimin hukuma. Kuma kada a manta, mutanen nan da yawa sun taso ne a ƙasashen da motar gwamnati a ƙofar gida ba alheri take kawowa ba.

An ga amfanin haka a 2020. Ma'aikata marasa takardun zama ba su cancanci tallafin korona na tarayya ba, ga shi gidajen abinci da otal-otal sun rufe. Birnin ya ware dala miliyan 5 a zagayen farko na wani shiri mai suna DC CARES, aka raba ta hannun ƙungiyoyin al'umma. Da an ce kowa ya zo ofishin gwamnati ya rubuta sunansa, da yawa da sun gwammace yunwa.

Wane irin bayani ne mutane suka fi buƙata?

Na yau da kullum. Cewa mafi ƙarancin albashi na birnin, wanda ya haura dala 17 a sa'a, ya shafi kowane ma'aikaci ko yana da takardu ko ba shi da su, kuma wanda ubangidansa ya danne masa kuɗi yana da inda zai kai ƙara. Cewa mai gida ba shi da ikon fitar da ɗan haya sai da umarnin kotu. Cewa makarantar gwamnati ba ta korar yaro saboda matsayin iyayensa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke tun 1982. Cewa tun 2014 birnin na ba da wani nau'in lasisin tuƙi ga mazaunan da ba su da lambar tsaron zamantakewa ta tarayya, wato lambar shaidar da ake ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki.

Akwai kuma gargaɗi kan 'yan damfara. A ƙasashen Latin Amurka da yawa, wanda ake kira notario babban masanin shari'a ne. A Amurka kuwa mai irin wannan laƙabi shaidar sa hannu kawai yake yi. Macuta na kafa allo da sunan, su karɓi dubban daloli, su cike wa mutum takardun shige da fice ba daidai ba, har su jefa shi cikin shari'ar kora. A 2017 magajiyar gari Muriel Bowser ta ƙaddamar da asusun tallafa wa ƙungiyoyin da ke ba baƙi lauyoyi, da dala dubu 500 a farko. Sanar da mutane cewa akwai lauyan gaske na kyauta yana cikin mafi amfanin abin da jami'i zai yi.

Yaya ake magana da mutanen da ke tsoron a kama su a kore su?

Nan ne aikin ya fi nauyi, kuma nan ne ake gane jami'in kirki.

Tsoro ba ya tsayawa kan marasa takardu kaɗai. Gida ɗaya sai ka samu uba ba shi da takarda, uwa na da izinin zama na wucin gadi irin wanda aka ba 'yan El Salvador bayan girgizar ƙasar 2001, 'ya'ya kuma haifaffun Amurka ne. Idan jita-jita ta tashi cewa jami'an shige da fice na tsaye a tashar jirgin ƙasa, gidan gaba ɗaya ke kulle ƙofa. Yaro ya rasa makaranta, mai ciwon suga ta fasa zuwa asibiti, matar da mijinta ke duka ta fasa kiran 'yan sanda. Lokacin da gwamnatin tarayya ta fito da ƙa'idar 2019 da ke cewa karɓar wasu tallafi na iya hana mutum takardar zama ta dindindin, iyalai da dama sun janye 'ya'yansu daga tallafin da ƙa'idar ba ta ma shafa ba.

Jarabawar da ke gaban jami'i ita ce ya kwantar da hankali ta hanyar faɗin abin da ya fi ƙarfinsa. Birnin ya yi dokar da ta taƙaita haɗin kansa da hukumar shige da fice a 2020, kuma an sha gaya wa mutane cewa 'yan sandan birni ba su tambayar takardu. Sai ga shi a watan Agustan 2025 shugaba Donald Trump ya yi amfani da wani sashe na dokar 1973 ya karɓi ragamar 'yan sandan birnin na kwana 30, ya turo dakarun tsaron ƙasa, aka kuma ga jami'an tarayya na aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan sandan birni a kan tituna. Duk jami'in da ya taɓa cewa "babu abin da zai same ku" ya zubar da amanar da aka yi shekaru ana tarawa, ba don ya yi niyyar ƙarya ba, sai don ya yi alkawari da abin da ba ya hannunsa.

Abin da ya dace shi ne a faɗi iyakar gaskiya: ga abin da birni ke yi, ga abin da ba ya yi, ga abin da ba shi da iko a kai, ga bayanan da wannan fom ke tambaya da wanda zai gan su. A haɗa da haƙƙoƙin da tsarin mulki ya ba kowa, kamar yin shiru, da ƙin buɗe ƙofa sai an nuna sammacin da alƙali ya sa wa hannu, da neman lauya. Idan abu ya canza a fito a faɗa a ranar. Mutanen da suka ratsa ƙasashe uku kafin su iso nan za su iya ɗaukar labari mai ɗaci, kuma su ne za su yanke wa kansu shawara da shi.

Gaskiya ne waɗanda ba 'yan ƙasa ba na jefa ƙuri'a a Washington?

Majalisar birnin ta yi doka a 2022 da ta ba mazaunan da ba 'yan ƙasa ba damar zaɓen shugabannin birni kawai, irin su magajin gari da 'yan majalisar birni, aka fara aiki da ita a 2024. Majalisar wakilai ta tarayya ta sha kaɗa ƙuri'ar soke ta. Ga mai yaɗa labarai wannan wuri ne mai santsi, domin wanda ba ɗan ƙasa ba idan ya jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ya aikata laifin da zai iya jawo masa kora. Sanarwar da ta ce "kowa na iya zaɓe" ba tare da fayyace wane zaɓe ba na iya rusa rayuwar mutum.

Umarnin da ya mai da Turanci harshen hukuma bai kashe wannan aiki ba?

A ranar 1 ga Maris 2025 shugaba Trump ya sa hannu a umarnin da ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma, ya kuma soke umarnin Bill Clinton na shekarar 2000 da ya sa ma'aikatun tarayya su taimaka wa marasa jin Turanci. Tun a Janairun shekarar aka sauke shafin Sifaniyanci na fadar White House. Wannan umarni na ma'aikatun tarayya ne. Dokar 2004 ta birnin doka ce mai zaman kanta, umarnin bai goge ta ba. Abin da ya jawo shi ne nauyi ya ƙaru a kan birni da ƙungiyoyi.

Wannan ba zai sa su ƙi koyon Turanci ba? Kuma da kuɗin wa ake yi?

Wanda ya ga azuzuwan dare a makarantar manya ta Carlos Rosario, inda mutane ke zuwa bayan sun tashi daga aiki mai gajiyarwa, ba zai yi wannan tambaya ba. Kowa ya san Turanci ne hanyar ƙarin albashi, kuma 'ya'yan da aka haifa a can Turanci ya fi zama a bakinsu. Amma koyon harshe na ɗaukar shekaru, gobara da annoba da takardar kotu kuwa ba su jira.

Batun kuɗi, mutanen nan na biyan haraji duk lokacin da suka yi sayayya, suna biya ta cikin kuɗin haya, da yawa kuma, har da marasa takardu, na biyan harajin albashi da lambar da hukumar haraji ke ba wanda ba shi da lambar tsaron zamantakewa.

Ta yaya ake gane cewa aikin na tafiya daidai?

Yawan sanarwar da aka fitar ko yawan waɗanda suka danna alamar so a Facebook ba ya nuna komai. A duba mutum nawa suka nemi tallafin da aka sanar daga unguwannin da aka nufa, sau nawa aka kira layin tafinta, ƙorafi nawa aka shigar kuma nawa aka warware. Wani lokaci ƙaruwar ƙorafi alama ce mai kyau, domin tana nuna mutane sun san haƙƙinsu kuma sun daina jin tsoron buɗe baki.

Ƙidaya ma ma'auni ce. Duk da Kotun Ƙoli ta hana saka tambayar zama ɗan ƙasa a 2019, tsoron ya riga ya shiga, kuma hukumar ƙidaya da kanta ta ce an tsallake kusan kashi 5 cikin ɗari na 'yan Latino a faɗin ƙasar a 2020. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafin aji ko gadon asibiti.

Wane ne ya dace da wannan aiki?

Wanda ke rubutu da magana da harsunan biyu da kyau. Jin Sifaniyanci a gida bai isa ba, dole ya iya bayanin dokar haya da shi ba tare da kuskure ba. Sai haƙurin sauraro, da ƙarfin halin gaya wa shugabansa cewa wannan sanarwa ba za ta fita haka ba. Matsalar da aka saba gani a ma'aikatu ita ce a ɗora wa ma'aikaci ɗaya mai harshe biyu duk fassarar ofis a kan aikinsa na asali, ba horo ba ƙarin albashi, ranar da ya tafi hutu kuma komai ya tsaya.

Bahaushe mazaunin Washington zai amfana da wani abu a nan?

Zai amfana. Dokar 2004 ba ta Sifaniyanci kaɗai ba ce. Tafinta na baki haƙƙi ne ga mai kowane harshe, don haka mai jin Hausa da Turancinsa bai nuna ba yana iya neman a kira masa tafinta a ma'aikatar birni, ba tare da ya biya ko sisi ba. Ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi da ya yi karatu da Faransanci zai tarar da muhimman takardu da yawa an riga an fassara su. Akwai kuma Ofishin Magajin Gari Mai Kula da Harkokin 'Yan Afirka, wanda aka kafa a 2006 bisa irin tsarin na Latino. Idan ma'aikaci ya ce babu tafinta, a rubuta sunan ma'aikatar da rana da lokaci, a kai ƙara Ofishin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na birnin.